Dashe, Sassabin Zamani, Tassa ko Dam: Me Ya Kamata Gari Ya Nema Idan Kuɗin Gyaran Ƙasa Suka Zo?

Idan ma'aikatan shirin gyaran ƙasa suka sauka a gari, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci, aka ce jama'a su faɗi abin da suke so, amsar ba ta cika wuce uku ba: a yi mana dam, a haƙa mana burtsatse, a kawo mana dashe. Ba laifi ba ne a nemi waɗannan. Sai dai sau da yawa ana neman su ne don su ido ke gani, su ake taruwa a buɗe a ɗauki hoto, ba don su ne maganin abin da ke cin ƙasar garin ba. Irin wannan dama kuwa ba kullum take zuwa ba. Garin da ya zaɓi abin da bai dace da ƙasarsa ba sai ya jira wani shirin, ƙila sai 'ya'yan da ke goye yanzu sun yi aure.

Kuɗin da ake magana a kansu ba ƙanana ba ne. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace cikin shekara shida. Ma'aikatu uku ke riƙe da shi: ta muhalli, ta noma da ta albarkatun ruwa. Ga hukumar da ke kula da katangar bishiyoyin nan ta Afirka, Great Green Wall, wadda dokar 2015 ta kafa don jihohi 11 na bakin hamada. Ga kuma L-PRES na ɓangaren kiwo, shi ma dala miliyan 500. A tuna, na Bankin Duniya rance ne mai sauƙi, ba sadaka ba, kuma jikokinmu na cikin masu biya. Wanda ya tashi a taro ya tambayi inda za a zuba su bai yi rashin kunya ba.

Ni a ganina tambaya biyu ce ke raba gardama. Wace irin ƙasa ce ta lalace: jigawa ce mai yashi, fako ne da ruwa ke zamewa a kansa, filin kiwo ne na kowa da kowa, ko fadama da bakin rafi? Sannan ranar da motocin shirin suka daina zuwa, wa zai ci gaba da tsaron abin da aka yi, kuma me zai samu a ciki?

Dashe shi ne tsohon hannu. Tun bayan farin 1973 gwamnatocin Arewa ke kafa wuraren renon itatuwa, suna jera turare da darbejiya layi-layi don karya iska. Katsina ta samu babban shiri irin wannan da kuɗin ƙasashen Turai daga 1987. Wasu layukan suna nan har gobe, kuma sun yi amfani. Amma layukan turaren Yambawa, a yankin Ɗambatta, waɗanda masana suka daɗe suna aunawa, sun nuna inda gizo ke saƙa. Geron da ke dab da bishiyoyin ya tsumbure saboda inuwa da saiwar turare mai kwasar ruwa, sai da aka haƙa rami a gefen layin aka datse saiwoyin sannan ya farfaɗo. Tazarar da aka bari tsakanin layi da layi kuma ta yi faɗi, alhali kariyar layin bishiya ba ta cika wuce ninki goma na tsayinta ba, don haka tsakiyar gonakin ta zauna a buɗe. Uwa uba, manomin da aka yanki gonarsa aka dasa itacen gwamnati ba ya kallon itacen a matsayin nasa.

A kwarin Majiya, yankin Buza na jihar Tawa a Nijar, labarin ya fi daɗi. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji suka jera darbejiya layi bibbiyu, tazarar mita ɗari-ɗari, aka sa masu gadi ana biyansu. Geron da ke bayan layukan ya ƙaru, daga baya mutanen garuruwan suka riƙa rage rassa suna samun azara da makamashi. Amma a lura da abin da ya riƙe aikin: kwari ne mai ruwa kusa, an yi gadi na shekaru, kuɗi kuma ba su yanke ba.

Abin da takardar shiri ba ta cika faɗa ba shi ne wahalar shekarar farko. Ɗan itacen da aka rena a leda ya saba da ban ruwa safe da yamma. An loda shi a mota, an yi ta jijjiga shi a hanya, ya iso gari a ƙarshen Agusta saboda kuɗin kwangila sun makara, an dasa shi saura 'yan makonni ruwa ya ɗauke. Daga nan sai hunturu, sai bazara, ga awakin da aka saki bayan girbi ba abin da suke gani kore sai shi. In babu shinge, babu mai jan ruwa da kura ko jaki har damina ta zagayo, an yi asara ke nan. Rahoton da hukumar yaƙi da hamada ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa cikin hekta miliyan 100 da Great Green Wall ta ɗauki alkawarin gyarawa zuwa 2030, abin da aka yi a ainihin zirin bai wuce miliyan 4 ba, shekara 13 bayan ƙaddamarwa. Akwai ƙarancin kuɗi da rashin tsaro a ciki, amma mutuwar dashe na cikin dalilan da suka sa shirin da kansa ya sauka daga batun katanga guda ya koma ga hanyoyi iri-iri.

Duk da haka akwai inda dashe ba shi da madadi. Tudun yashi mai tafiya, irin na Yusufari da Yunusari a Yobe, sai an kafa masa shingen ƙirare da kaba an tsayar da shi, sannan a dasa. Wurin da garmar tarakta da masu gawayi suka tone kututture kakaf, babu abin da zai toho. Kuma in mangwaro kake so, ko gwaiba, ko dabino, ko dakwara don ƙaro, dole ka dasa. Waɗannan ma su suka fi rayuwa, domin suna da mai su, kuma mai su yana lissafin kuɗin da zai samu.

Na biyu shi ne abin da manoman Maraɗi ke kira sassabin zamani. A sassaben da muka gada, da bazara manomi yakan bi gona ya sare duk tohon kalgo da sabara da geza, ya tara ya cinna wuta, don a ce gonarsa tsaf take. Kututturan nan kuwa da ransu. Ƙarƙashinsu akwai saiwar da ta yi shekaru tana nutsawa har ta kai ga laima. Sabon salon shi ne a daina kashe tohon, a rene shi. Ka tsuguna gaban kututturen kalgo mai toho goma sha, ka zaɓi uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka share musu ƙananan rassa daga gindi zuwa rabin tsayinsu, da wuƙa ko adda mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki, alamar wannan yana da mai shi. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa. Abin da ka cire ya shiga murhu, ganyen ya zama taki ko abincin akuya. In sandunan suka yi kauri, kowace shekara ka sare ɗaya ka bar sabon toho ya maye gurbinta. Ba leda, ba ban ruwa, ba mota.

Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, shi ya fara yaɗa wannan a 1983, bayan ya gaji da ganin dashensa na mutuwa. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa aikin da rabon abinci. Mutane da yawa suka yi don hatsi, da rabo ya ƙare da yawa suka sare abinsu. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci, maƙwabta suka kwaikwaya. Bayan shekara ashirin, da masu bincike Chris Reij da Gray Tappan da masana 'yan Nijar suka gwada hotunan sama na da da na lokacin, sai suka tarar wajen hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar sun sake yin itace, kimanin bishiya miliyan 200 waɗanda ba dasa su aka yi ba. A Magarya da Matamaye da Mirya gawo ne ya cika gonaki, kuma can yawanci manoma ne da kansu suka farfaɗo da tsohuwar al'ada, don tun zamanin Sarki Tanimu sare gawo babban laifi ne a Damagaram. Kowane manomi ya san halin gawo: yana zubar da ganye da damina, bai hana gero rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma 'ya'yansa su riƙe tumaki. Waɗannan garuruwa ba su da nisa da Daura da Ɓaɓura da Maigatari. Ƙasa iri ɗaya ce, ruwan sama kusan ɗaya. Masu lissafi sukan sa kuɗin aikin a wajen dala 20 a hekta, yawancinsa ma gumin manomin ne.

To me ya hana kowa yi? Abu na farko ɓarawon itace. Ka rena sanda shekara biyu, wani ya zo da dare ya sare, gobe ba za ka sake ba. Na biyu tsoron malamin daji: muddin manomi na jin za a ci shi tara in ya sare itacen da ya rena a gonarsa, gara masa ya kashe tohon tun yana ƙarami. Nijar sai da ta taɓa dokokinta, da dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, har a Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman mai tabbatar wa manomi itacen da ya rena. A Ɗan Saga, cikin yankin Agye, gari ne ya kafa kwamitin tsaro da ya haɗa da mata da makiyaya, suka yi wa kansu ƙa'ida da tara. Na uku, mai gonar aro ko jingina ba zai rena itacen da wani zai ci ba, mai gonar ma ba ya so, kada a ce an kafa masa hujja. Mai noma da tarakta kuma kututture abokin gabarsa ne, sai in an bar tohon a kan iyaka ko a layi. Sannan abin da ke ƙasa shi zai fito. In kalgo da sabara ne kawai suka rage, su za ka samu, sai ka cike da dashen abin da kake so.

Akwai kuma dalilin da ba a faɗa a taro. Sassabin zamani ba shi da kwangila. Ba a sayen komai, ba a dakon komai, saboda haka ba shi da mai yi masa kamfe a ofis. In gari bai nema da bakinsa ba, da wuya a kawo masa. Abin nema kuwa ƙanƙane ne: a ɗauki manoma ashirin ko talatin, maza da mata, a kai su inda ake yi su gani da idonsu, a horar da 'yan gari masu koyarwa, ƙaramar hukuma da masarauta su sa hannu a takardar da ta ce itacen gona na mai gona ne, a tallafa wa kwamitin tsaro. Tsakanin wannan da dashe, a gonar jigawa mai sauran kututture, ni ba na ganin akwai abin dogon tunani.

Fako kuma wani abu ne daban. Ƙasa ce da ta daskare, samanta ya yi ɓawo, ruwan sama na sauka ya gudu kamar an zuba a kan faranti. Nan ko toho babu, dashe kuma ƙonewa zai yi. Maganinta a fasa ɓawon a tare ruwan inda ya faɗi, kuma tassa ita ce hanya mafi sauƙi. Da rani ake haƙa ramuka, faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka haƙo ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa, a zuba tafi ɗaya ko biyu na takin gida a kowane rami. Iska za ta ƙara ganye da ƙura. Gara za ta biyo takin ta huda ƙasa ta yi wa ruwa hanyoyi. Da ruwan farko sai a shuka gero ko dawa a cikin ramin. Hekta guda takan ci rami dubu goma ko fiye, aikin awa 300 zuwa sama, a cikin zafin Maris da Afrilu. Wanda bai taɓa sara fako da dundurusu ba kada ya ce aiki ne mai sauƙi.

A yankin Illela na jihar Tawa, wani shiri da IFAD, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗauki nauyi ya kai wasu manoma Yatenga ta Burkina Faso a 1989, ƙasar Yacouba Sawadogo, manomin da ya yi suna a wannan aiki, suka ga yadda aka inganta ramukan, suka dawo suka gwada. Awon da aka yi daga 1991 zuwa 1996 ya nuna gonar tassa na ba da wajen kilo 500 a hekta, inda wadda ba a taɓa ba ke ba da kimanin 125. A shekarar fari bambancin ya fi fitowa, don ɗaya tana da abin kai wa rumbu, ɗaya ba ta da komai. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya hau da wajen mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka kafa lambuna. A riƙe wannan, za mu dawo kansa a maganar dam. Wani abu kuma ya biyo baya wanda ya kamata kwamiti ya sani tun wuri: da aka gane fako na gyaruwa, sai ya yi kuɗi, masu hali suka riƙa saye daga hannun marasa ƙarfi suna ɗaukar 'yan ƙodago. Kafin a fara sara, a rubuta fakon wane ne wannan.

Rabin wata yayar tassa ce: rami mai siffar baka, faɗin mita 4, bakinsa na kallon tudu, 313 a hekta in na noma ne. Ya fi tara ruwa, ya dace da ciyawa da itace, amma yana son awo. In ba a bi daidaiton ƙasa da tiyon ruwa ba, ruwan sama mai ƙarfi ɗaya ya isa ya fasa na sama, na sama ya fasa na ƙasa. Inda dutse ke da yawa, kamar Adar a jihar Tawa, jeren duwatsun da suke kira gandari ya fi daɗewa, kuma abin da za a nema wurin shiri shi ne motar dakon dutse. Duk waɗannan ba na jigawa ba ne, yashi zai cike ramin kafin damina. Ba kuma na inda ruwa ya wuce milimita 800 ba ne, shuka za ta jiƙe ta ruɓe. Kuma tassa ba taki wahalar banza ce, don haka garin da ba ya ga-maciji da makiyaya ya fara tunanin inda zai samo kashin shanu.

Hatsarin rabin wata shi ne kuɗin aikin yini. Ana biyan mutane su haƙa, kuɗin na da amfani a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba mai musun haka. Amma in filin ba shi da mai shi, an haƙa ne don a ƙirga a biya, bayan damina biyu sai ka ga alamar baka-baka kawai. Ga kuma inji: garmar Delfino, wadda FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi aiki da ita a Bauchi da Jigawa da Sakkwato, takan yanka hekta 15 zuwa 20 a yini, alhali mutum ɗari hekta ɗaya suke yi a yini da hannu. Tana son babbar tarakta da mai da makaniki, saboda haka ba ta ƙaramar gona ba ce. Ta faffaɗan filin gari ce.

Wannan ya kawo mu filin kiwo, inda aikin hannu ya fi sauƙi, aikin mutane ya fi wuya. Fasa ƙasa a watsa irin gamba da kyasuwa da burburwa da gadagi ba wani abu ba ne. Damina ɗaya mai kyau sai ka ga fili ya rufe, tafasa da garmani sun ja baya. Matsalar ita ce dole a hana kiwo a wurin damina biyu ko uku, kuma wanda za a hana shi ne wanda ba shi da wani wurin. A Amurka, tun 1985 gwamnati ke biyan manomi haya duk shekara, da yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, don ya bar gonar da ke zaizayewa ta huta ƙarƙashin ciyawa. Mu shirye-shiryenmu aikin suke biya, ba sa biyan hutun. Saboda haka sai an raba filin kashi-kashi, a rufe ɗaya a bar sauran, a yarda a yanki ciyawar kashin da aka rufe a ɗaure a sayar ko a raba, kuɗin su biya mai gadi. In arɗo bai zauna a taron farko ba, da waɗanda ke wucewa sau biyu a shekara ba mazauna kaɗai ba, to shingen da aka kafa zai zama sanadin faɗa.

Kuma kafin ciyawa, iyaka. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, ana ƙirga wurare 415 a ƙasar, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a gazet, sauran gonaki da gidaje sun ci da yawa daga cikinsu. Filin da aka gyara ya yi kyau, ba shi da takarda, ba shi da turakun siminti, kiran masu kuɗi ne su zo su nome. Garin da ke da burtali da hurumi, abin da ya fi cancanta ya nema shi ne awo da turaku da takarda, sannan iri. Wannan aiki ne da gwamnati kaɗai ke iya yi, ba kamar sassabe ba.

Saura ruwa. Dam shi ne abin da kowa ke so, kuma shi ya fi cin kuɗi. Ƙaramin dam na ƙasa yana da amfani na gaske: noman rani, shayar da dabbobi, kifi, rijiyoyin kusa su ƙaru. Amma abin da ke gangarowa daga tudu shi yake tarawa. In tudun fako ne tsirara, laka da yashi za su cike shi cikin 'yan shekaru; manya ma irin Goronyo suna fama da wannan, balle na ƙauye. Ruwan da ya kwanta yana tara sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya, kuma in mutum da saniya da mai wanki duk bakin ruwa ɗaya suke sauka, amai da gudawa ba ya nisa. Ga batun gyara: ɓallewar dam ɗin Alau a Satumban 2024 ta nuna wa Maiduguri abin da bango mai rauni ke yi. Ga kuma mutanen ƙasa da ku. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992 yanayin ambaliyar kwarin Haɗeja da Nguru ya canja, ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara a wasu magudanai, kachalla ta toshe su, jan-baki ya samu wurin kwana. Ƙaramin dam ba zai yi ɓarna kamar haka ba, amma ƙauyen da ke bayanku yana da hakki a rafin.

Ga masu fama da kachalla, injin haƙa mai tafiya a ruwa buƙata ce ta gaskiya, hannu ba zai iya manyan magudanai ba. Sai dai tana dawowa, don haka a tambayi wa zai riƙe injin da mansa bayan shiri. Dattin masana'antar fata da ke shiga kogin Challawa a Kano kuwa ba aikin kwamitin gari ba ne, aikin hukuma ne da doka.

Tsabtar ruwa a ƙauye yawanci da ƙananan abubuwa ake samunta. A bar zirin 'yan mitoci a bakin rafi ba a nomewa, a dasa jema da gamba, su tace laka da takin zamani da maganin feshi kafin su shiga ruwa. Jema ta yi tabarma da malfa, gamba ta yi zana, ba a yi asarar filin ba. A daina wanke tankin feshi a rafi. A gina kwamin shayar da dabbobi nesa da inda ake ɗiban na sha. A ɗaga bakin rijiya da siminti a yi mata murfi. Burtsatse mai aiki da hasken rana na ba da ruwa mai kyau, amma ɗiba yake yi, ba ya mayarwa, kuma a gwada ruwansa kafin a buɗe. Abin da ke mayar da ruwa ƙasa shi ne abin da Batodi ta yi a tudu. Shi ya sa garin da ke son dam, in tudunsa fako ne, na fi ba shi shawarar ya nemi tassa da rabin wata da jeren dutse a wannan zagayen, ya sa dam a na gaba. In kuwa dole sai an yi shi yanzu, a rubuta gyaran tudun a cikin kwangila ɗaya, kuma shi za a fara.

Garuruwa da yawa suna da duka huɗun: jigawa a gabas, fako a tudu, hurumi a bayan gari, fadama a gindi. Irin wannan gari ya raba buƙatarsa gida biyu. Abin da zai iya da ƙarfinsa, wato sassabin zamani da tassar gonaki da zirin jema, ya nemi horo da kayan aiki kawai, kada ya ɓata rabonsa a kai. Babban kason ya tafi ga abin da ba ya iyawa: inji, dakon dutse, awon burtali, takarda, shinge.

Game da asusun juyawa na ACReSAL, wanda a jihohi da dama aka ba al'ummar da aka zaɓa dala 25,000: rance ne da za a mayar don wasu su karɓa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada a sa shi a dashen darbejiya ko ciyawar hurumi, ba za su biya a kan lokaci ba. Na noman rani ne, da kiwon turka, da sarrafa amfanin gona. Gyaran ƙasa a neme shi daga ɓangaren ayyukan shirin.

Lokaci ma yana cikin zaɓi. Tassa da rabin wata daga bayan girbi zuwa Mayu ake yin su. Kuɗin da suka iso a Yuni sun rasa shekarar. Dashe ya kasance a gari a farkon Yuli, ramukansa a haƙe, shingensa a tsaye. Irin ciyawa a tara shi da kaka daga dajin yankin, mata sun fi kowa sanin inda yake, kuma a biya su. Kafin dagaci ya sa hannu, a nemi takardar ta faɗi watan da kaya za su iso, da wanda zai mallaki itace da ciyawar da za su fito, da shekara nawa za a biya mai gadi. A kuma nemi a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangilar dashe, a biya shi bisa yawan itacen da aka ƙirga da rai a ƙarshen bazara ta biyu, tare da wakilan gari a wurin ƙirgar.